Igiya Ɗaya da Farantin Hummus

A unguwarmu ta cikin tsohon garin Nablus babu macen da ke yin hummus, dakakken waken nan da ake dangwala da gurasa, a gida, kamar yadda babu wadda ke yi wa mijinta aski. Aikin Hilmi mai shago ne, kafin shi kuma aikin ubansa ne. Ranar Juma'a da safe kowane magidanci yakan ɗauki farantin gidansa ya gangara shagon da ke bakin rumfar kasuwa, ya tsaya a layi ana taɓa hira, a cika masa, a yi rami a tsakiya a tsiyaya man zaitun, ya biya ta wurin mai gurasa ya koma gida. Saboda haka ranar da maƙwabta suka jiyo ƙarar taɓarya daga madafar Nazmiyya, ƙanwar Hilmi uwa ɗaya uba ɗaya, kowa ya san ba lafiya ba.

Mijinta Rushdi ne ya jawo. Rushdi mai yankan sabulu ne a ɗaya daga cikin gidajen dafa sabulu na garin, ɗan gajere, mai ƙwazo, ba marowaci ba, bai kuma taɓa ɗaga mata hannu ba. Ciwonsa ɗaya, baki. Sauran maza in magana ta yi zafi sukan rantse da Allah, in sun karya su yi kaffara a wuce wurin. Shi Rushdi da aurensa yake rantsuwa, kamar wanda ke da shi buhu-buhu a ɗaki.

Igiyar farko ta tsinke ne a kan wani baƙo daga Jenin. Rushdi ya rantse in baƙon ya fita bai ci abincin yamma ba, matarsa ta saku. Baƙon kuwa motar ƙarshe yake so ya kama, ya ba da haƙuri ya sa takalmansa ya tafi. A lokacin Nazmiyya tana madafa tana ɗura shinkafa a cikin kabewa saboda wannan baƙon, ba ta ma san an sake ta ba sai da ta fito da tire. Ta biyu a kan taba ce. Ya rantse ya daina, bayan 'yan kwanaki aka gan shi a bayan gidan sabulu yana zuƙa yana waige-waige. Duka biyun limamin unguwa ya ƙirga su, aka yi kome. A ta biyun ya kama hannun Rushdi ya ce masa, "Abu Mazin, saura ɗaya. In ka tsinka ta kada ka wahalar da ƙafarka zuwa wurina, ba ni da maganinta."

Rushdi ya yi shekaru yana riƙe da bakinsa, ko dai a ce yana riƙe da wannan ɓangaren na bakinsa. Ɗansu Mazin ya girma ya tafi aiki Kuwait, 'yarsu ta yi aure a wata unguwa, gida ya rage su biyu. Nazmiyya har ta fara mantawa da cewa a kan zare ɗaya take zaune.

Sai wata Juma'a, yana tsaye a layi da farantinsa, ya leƙa na mutumin da ke gabansa ya ce wa Hilmi da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Abu Talal, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, hummus ɗin nan ya sauka daga yadda marigayi babanka yake yi."

Hilmi ƙaton mutum ne marar yawan magana, irin waɗanda in sun yi sau ɗaya ba sa maimaitawa. Bai ɗago kai daga kwanonsa ba ya ce, "Wanda ya wuni yana shaƙar sabulu, ina ya ga harshen ɗanɗano?"

Layi ya kwashe da dariya. Da abin ya tsaya nan da sauƙi, domin surukai sun saba da irin wannan. Amma da layi ya zo kan Rushdi, Hilmi ya dubi farantin, ya tura masa shi da yatsa ɗaya wayam, ya ce, "Maƙabarta tana gabas. Je ka ya zuba maka."

A wurinmu ka mari mutum ya fi sauƙi da ka mayar masa da faranti babu komai. Rushdi ya hawo matakalar gida kunnuwansa jajir, ya tarar da Nazmiyya tana yanka albasa da tumatir na karin kumallo. Ya dangwarar da farantin a gabanta ya ce, "In hummus ɗin shagon yayanki ya ƙara shigowa gidan nan, kin saku."

Ta dubi farantin, ta dube shi. "Ka ji abin da ka faɗa, Abu Mazin?"

"Na ji."

"To, ni ma na ji."

Suka ci gurasa da mai da albasa. Kafin ya gama ta ga fushin ya sauka daga fuskarsa, tsoro ya hau, amma magana zarar bunu ce.

Ita ma ta ji tsoro, kuma ba ta yaudari kanta game da dalilinsa ba. Ba wai soyayya ce irin ta 'yan mata ta hana ta barci ba. Ta haura hamsin, tana da tagarta da take zama tana tsintar shinkafa, tana da gwangwanayen na'a-na'a a kan soro, ta san inda kowane cokali yake. Ta hango kanta bazawara a gidan Hilmi, tana kwana ɗaki ɗaya da jikokinsa, tana neman izinin matarsa kafin ta ɗora shayi. Ga shi kuma ta saba da Rushdi yadda ake sabawa da tsohon takalmi, yana matsa yatsa amma babu wani da ya san ƙafar kamarsa.

Matsalar ita ce Rushdi ba ya iya Juma'a babu hummus. Ya kawo shawarar ya riƙa zuwa wani shago a can ƙofar gari. Nazmiyya ta ce in dai tana numfashi ba za a ga farantin gidan 'yar marigayi Abu Hilmi a layin wani shago ba, abin kunyar da aka yi ya isa haka.

"To ki yi mana da kanki," in ji shi. "Ba 'yar gidan ba ce ke?"

'Yar gidan ce, amma rabin aikin kawai ta sani. Ubansu bai taɓa barin mace ta taka cikin shago ba. Gidansu yana sama, shago yana ƙasa, aikin mata ya ƙare a bakin matakala. Ita da mahaifiyarta ke jiƙa waken, su tafasa, su murje ɓawonsa a cikin ruwa, a sauke tukunya ƙasa. Abin da ake yi da shi bayan nan Hilmi kaɗai aka koya wa. Ta san da tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, ta san da lemun tsami da tafarnuwa da gishiri, kamar yadda kowa a garin ya sani. Yadda ake haɗa su su zama abu ɗaya ne ba ta taɓa gani ba.

Ba ta je ta tambayi Hilmi ba. Da shi ma take fushi. Ya san bakin surukinsa, ya san igiya nawa ta rage wa ƙanwarsa, amma ya tura farantin nan.

Juma'ar farko ta cika kanwa a ruwan jiƙo, wake ya narke ya yi laushi, sai dai ɗanɗanon ya ɓaci. Rushdi ya kai loma ɗaya ya ce, "Sabulu a wurin aiki, sabulu a gida." Ta biyu ta ƙi sa kanwar gaba ɗaya, wake ya ƙi nuna, ta yi ta daka har kafaɗarta ta riƙe, abin ya fito da gudaji kamar an kwaɓa yashi. Maƙwabciyarta Ummu Adli, tsohuwa mai kunnen bera, ta leƙo ta katangar soro tana shanya.

"Ummu Mazin, ƙarin ɗaki kuke ginawa ne? Tun safe nake jin ana fasa dutse."

"Hummus nake yi."

"Allah sarki. Ki ajiye min kaɗan, akwai inda rufina ke yoyo."

Ummu Adli ba muguwa ba ce, kuma alherinta ne ya kusa kashe auren. A Juma'a ta uku ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗauke da faranti rufe da tsumma. Nazmiyya ta buɗe, ƙamshin ya gaya mata ko mene ne tun kafin a yaye. Ta tare ƙofar da jikinta, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Kada ƙafarki ta ƙetare dokin ƙofar nan, Hajiya."

"Ke, ba kowa zai sani ba. Na ga kuna wahala ne. Ki juye a farantinki ki ce ke kika yi."

"Allah zai sani, ni ma zan sani. Koma da shi, na gode."

Bayan ta rufe ƙofa sai da ta zauna a kan matakala. Taku ɗaya ya rage. Ranar ta cire ɓawon waken tas kamar yadda suke yi tana yarinya, ta bar shi ya huce don kada ya ƙona ta, ta daka. Ya fi na baya, amma ya yi nauyi kamar tuwon jiya. Rushdi ya ci rabi, ya ce ba laifi, ya kawar da kai wajen taga. Tun ranar rantsuwar ya daina bi ta gaban shagon, sai ya zagaya ta bayan masallaci in zai sayo gurasa, ya tsaya wurin wanzami ya ɓata lokaci har layin Hilmi ya watse.

Ranar Alhamis da yamma tana tsintar waken da za ta jiƙa, sai muryar ubanta ta faɗo mata, ba wata magana mai hikima ba, tsawa ce da yakan daka musu daga ƙasan matakala: "Da zafinsa! Ku sauko da shi da zafinsa!" Ta tuna yadda bayan sun murje ɓawo sukan mayar da waken kan wuta, ta naɗe hannuwanta da tsumma ta sauko da tukunya tana turiri, ya fizge daga hannunta a bakin ƙofa kamar wanda ake kora. Ta tuna kuma da wani tulu da ke ajiye a lungun matakala inda rana ba ta kaiwa, wanda ya taɓa zane Hilmi saboda ya sha ruwansa. A da ta ɗauka rowa ce irin ta tsoho. Ta tashi ta wanke tulunsu, ta cika shi, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ta ajiye a inuwa.

Da gari ya waye Rushdi ya fita zagayensa. Ta wanke waken da ya kwana a ruwa da 'yar kanwa kan yatsa, ta ɗora a risho. Da ya yi rabin nuna ta juye a ruwan sanyi, ta murza tsakanin tafukanta, ɓawo ya taso sama fari-fari ta kwashe, ta sake murzawa, ta sake kwashewa, har yatsunta suka yi yaushi. Ta mayar kan wuta. Sai a lokacin ta ga lemun tsami ɗaya ya rage mata, shi ma ya bushe. Ta rage wutar, ta yafa mayafi, ta ɗauki kwando ta gangara kasuwa. Mai lemun yana dab da shagon Hilmi. Ta saya ba ta ko dubi wajen ba, ta rufe kwandon ta juyo da sauri.

Waken ya nuna har in ta taɓa shi da yatsa sai ya baje. Ta tsane shi ta zuba a kwanon ƙasa yana tururi, ta kama 'yar taɓarya. Bai yi mata gardama ba ko kaɗan. Ta zuba tahina, ta matse lemu, ta sa tafarnuwa ɗaya da ta dandaƙa da gishiri. Abin ya ɗaure ya yi tauri, ta ce yau ma an yi asara. Sai ta ɗebo ruwan tulu mai sanyin ƙanƙara ta ɗiga kaɗan tana juyawa. Ya saki. Ta ƙara, ya yi haske, ya tashi, ya koma santsi kamar man shanu. Ta lakato da yatsa ta kai baki, ta tsaya. Rabonta da wannan ɗanɗanon tun ubanta yana da rai, kuma ta ji daɗi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba, har ta kama kanta tana murmushi ita kaɗai a madafa.

Ta juye a farantin nan da aka taɓa mayarwa wayam, ta zagaya bayan cokali ta yi rami, ta tsiyaya mai.

Rushdi ya shigo da gurasa a hammata, ya zauna, ya yago, ya dangwala ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya daina. Ya ajiye sauran gurasar a hankali. Ta ga jinin fuskarsa ya janye.

"Daga ina wannan?"

"Daga madafarka."

"Na gan ki ɗazu daga wurin wanzami. Kin fito ta wajen shagon, kwandonki a rufe."

"Lemu na sayo, Abu Mazin. Ga ɓawonsa can. Ga ɓawon wake ma cike da roba, je ka duba."

"Makon jiya ma akwai ɓawon wake." Muryarsa ta yi ƙasa sosai, ba ta taɓa jin ta haka ba. "Sati nawa kina ba mu siminti, yau rana ɗaya ki yi wannan? Ni za a gaya wa hummus ɗin shago?"

"Wallahi ni na yi shi da hannuna."

Bai gaskata ta ba. Mai yawan rantsuwa shi ne na ƙarshen yarda da rantsuwar wani, domin ya san arharta. Ya sunkuyar da kai, idanunsa suka cika da hawaye, sannan ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "Ki rufe kanki, igiya ta tsinke."

Nazmiyya ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Mutumin da ya san kowace furfura a kanta yanzu yana kawar da ido kamar baƙon da ya yi kuskuren ɗaki. Abin ya yi mata ciwo fiye da saki biyun farko a haɗe. Ta tashi ta ɗauko mayafinta daga ƙusa, ta yafa, ta ɗaure a ƙarƙashin haɓa kamar mai shirin zuwa ta'aziyya. Ta ɗauki farantin.

"Mutum ɗaya ne ya san abin da ya fita daga shagonsa yau. Tashi mu je."

"Ni in je wurinsa?"

"Ko ka zauna nan. Gidanka ne."

Ta fita, ta ji takunsa a bayanta. Suka gangara lungu, ita a gaba da faranti a buɗe, shi a baya da tazarar da ta dace tsakanin mutum da matar da ba tasa ba. Ummu Adli ta leƙo ta taga, ta ga yadda suke tafiya, ta kama baki.

Layin Hilmi bai watse ba, kuma yawancin waɗanda suka yi dariya waccan Juma'ar suna nan da farantansu. Suka buɗa mata hanya. Nazmiyya ta taka cikin shagon ubanta karo na farko a rayuwarta, ta ajiye farantin a kan teburin dutse.

"Yaya, surukinka yana da tambaya."

Rushdi ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hularsa. "Abu Talal... wannan naka ne? Kai ka ba ta?"

Hilmi ya dubi farantin, ya dubi mayafin ƙanwarsa da yadda aka ɗaure shi, ya gane komai, don labarin rantsuwar babu gidan da bai shiga ba. Ya goge hannu, ya yago gurasa ya dangwala. Ya daɗe yana juya lomar a baki. Ya ƙara ta biyu. Sannan ya yafito ta zuwa lungun ciki, bayan tukwane, ya rage murya.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni."

"Ɓawo kika cire."

"Da zafinsa kuma na daka. Ruwan tulun nan da aka zane ka a kai, na gane amfaninsa."

Ya ƙara matsowa kusa. "Nazmiyya, kalma ɗaya ce. In na ce nawa ne, kin huta da mijin nan naki har abada, babu wanda zai ga laifinki. Ɗakin Inna yana nan, a share miki yau. Me kike so in ce?"

Ta auna maganar da gaske. Ta hango Rushdi ta tsakanin tukwane, ɗan tsamurmuri a bakin ƙofa, hula ta zama tsumma a hannunsa. Ba ta ji tausayinsa ba a lokacin. Abin da ta ji shi ne, ita ta yi hummus ɗin nan, kuma ba za ta tsaya a ce wani ne ya yi ba, ko da a kan me.

"Ka faɗi abin da harshenka ya gaya maka, Yaya."

Hilmi ya ja numfashi, don ya san abin da gaskiyar za ta ci masa. Ya koma gaban teburi, ya yi magana yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Ba nawa ba ne. Ban ba ta ko cokali ɗaya ba, yau ko wata rana. Nawa bai kai wannan ba." Ya dafa teburin. "Tun da Inna ta rasu babu mai murje min ɓawo, sai na ƙara kanwa ya narke a ciki. Na ɗauka babu wanda ya lura. Wannan shi ne irin na Baba. Abin da Abu Mazin ya faɗa ranar, gaskiya ya faɗa."

Fuskar Rushdi ta buɗe kamar an kunna fitila. Ya juya wajen layi yana nuna Hilmi da hula. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Ni dama na sani, na rantse da..."

Wani tsoho da ke kusa ya dafa kafaɗarsa. "Rufe bakin nan, Abu Mazin. Ba ka da sauran abin rantsewa."

Nazmiyya ta miƙa hannu za ta ɗauki farantinta, Rushdi ya yi saurin tarewa. Abin ya shiga shago, gurasar shago ta taɓa shi, hannun Hilmi ya taɓa shi, wa ya san yadda liman zai ƙirga? A bar shi nan, in ji shi, ta yi wani mako mai zuwa. Aka bar shi. Mutanen layi suka yi ta yago gurasa suna dangwala, tsofaffin cikinsu suna kaɗa kai suna yi wa marigayi addu'a, kafin su biyun su fita daga rumfa an sharce farantin. Hilmi ya wanke shi, ya cika shi da zaitun, ya aika musu da shi da yamma.

A gida Rushdi ya yi ta zuba surutu kamar wanda ya ci gasa, yana maimaita abin da Hilmi ya ce da yadda ya ce shi. Sai can ya lura tana zaune a bakin tagarta da mayafi ɗaure.

"Ummu Mazin, cire mana, ai magana ta wuce."

"Kai ka ce in rufe."

"Haba, ai yanzu na tabbatar."

"Ka tabbatar," in ji ta. "Na rantse maka da Allah a ɗakin nan ba ka yarda ba. Mutumin da ka jingina aurena saboda ƙinsa ya faɗa sau ɗaya, ka yarda."

Ba ta cire mayafin ba sai da za ta yi alwalar la'asar.

Alhamis ta zagayo, Nazmiyya ta gaya masa za ta je gidansu da yamma, gobe da sassafe ma za ta koma. Rantsuwarsa a kan hummus take, ba a kan ƙafarta ba, ya kuma san ba shi da bakin hanawa. Ta hau soron da ta girma a kansa, ta tara matar Hilmi da matar ɗansa, ta nuna musu yadda ake murza wake a ruwa. Da safe ta sauko da tukunya tana turiri, wannan karon ba ta tsaya a bakin matakala ba. Daga wannan Juma'ar hummus ɗin shagon ya koma yadda yake a zamanin tsoho. Layi ya ƙara tsawo har yana kaiwa gaban mai lemu, har daga wasu unguwanni ake zuwa da faranti.

Ta dawo gida ta daka na Rushdi daga waken da ta bari ya huce, da ɓawonsa da komai. Ya dangwala, ya tauna, ya dube ta.

"Ina irin na makon jiya?"

"Wancan ya kusa raba ni da ɗakina. Wannan in ka ci ba sai ka tambayi kowa ba, ka san na gida ne."

Ya yi lallashi, ya sayo mata yadi, ya aiko 'yarsu ta sa baki. Nazmiyya takan saurara ta ce to, Juma'a ta zo ta ajiye masa mai gudaji. Ba ta sake tayar da maganar mayafin ba, tana yi masa wanki da girki kamar kullum, ranar da ya kwanta zazzaɓi ita ta zauna a kansa. Shi da Hilmi sun koma gaisawa, yakan ma tsaya a bakin shagon ya taya mutanen layi hira, hannunsa babu faranti, yana kallon ana cika na wasu. Sau ɗaya Hilmi ya ce masa ya shigo ya ci a nan, tunda gida ya rantse a kai. Rushdi ya dubi kwanon, ya haɗiyi yawu, ya ce a'a, gara kada a yi wasa da abin da ya rage.

Igiyar nan ɗaya ta riƙe har ƙarshen rayuwarsa, ba a ƙara jin ya rantse da ita ba. A duk unguwar shi ne ya fara gane hummus ɗin ya sauka, kuma da ya dawo daidai, loma ɗaya ce rabonsa.